Kafin Ki Je Wurin Nomau Mai Amya

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Rakiya, Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Jiratawa lafiya, ke da tarin takardun nan naki da suka fi tufafinki nauyi. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ki daga sharrin baki da gudun masu moto, babur ɗin nan. Innarki tana gaishe ki. Ta ce in faɗa miki yajin da ta daka yana can ƙasan jaka, kada ki ce ta manta.

Na san za ki yi mamakin tsintar wasiƙa cikin kayanki, tunda daga unguwar Zariya ta nan Maraɗi zuwa Jiratawa ba tafiyar da ake yi wa guzuri ba ce. To, na san halina, na kuma san naki. Duk ranar da na buɗe baki zan yi miki nasiha, sai ki ce ai kun karanta wannan a lakkwal, ni kuma in mai da abin wasa in ja bakina. Takarda ba a katse mata magana. Ki nemi inuwa ki zauna, ki karanta har ƙarshe.

Ranar da kika zo da albishir cewa furojen nan, shirin turawa, ya ɗauke ki aikin wayar da kan mutane a kan ƙudan zuma da ke ƙarewa, na yi murna ƙwarai. A wannan zamani na yajin aiki yau, rufe makarantu gobe, yarinya ta gama karatu ta samu abin yi, ai sai godiya. Amma muna cikin cin tuwo kika ce mutumin da za ki fara nema shi ne Nomau Mai Amya, don an gaya miki in bai zauna a tabarmar taronki ba, babu mai amya ko ɗaya da zai zauna. Nan loma ta tsaya mini. Innarki ta miƙo ruwa, ta dube ni, don ita ta san dalili. Gaskiya aka faɗa miki game da Nomau. Abin da ba a faɗa miki ba shi ne, jin sunan ubanki kaɗai ya isa ya sa ya juya miki baya, aikinki ya mutu tun bai tashi ba. Zan zo kan wannan. Bari in fara da ƙananan kurakuraina, ko na samu ƙarfin faɗin babban.

Na daɗe ina yawo ƙauye-ƙauye a matsayin malamin gona, tun zamanin soja, lokacin da in mushe, wato malam da Faransanci, ya sauka daga moto mai gari da kansa ke sa a shimfiɗa masa tabarma. Taron farko da na yi a Tsibiri ba na mantawa da shi. An aike ni in yi bayanin feshin wake. Kwana uku ina rubuta jawabi da Faransanci, sannan na tsaya gindin wata tsamiya ina juya shi zuwa wata irin Hausa da ni kaina ban san garin da aka haife ta ba. Tun hantsi nake zuba har inuwa ta gudu ta bar dattawa cikin rana. Da na gama na tambaya ko akwai mai magana, suka ce babu, sun ji, Allah ya saka. Na komo Maraɗi ina taƙama, na rubuta wa biro, ofishinmu, cewa jama'a sun karɓa hannu bibbiyu. Da damina ta faɗi na zagaya gonaki, ban ga mutum ɗaya da ya yi abin da na ce ba. Kunyata suka ji, shi ya sa ba su musa mini ba, ni kuma wautata ta sa na ɗauki kunya a matsayin yarda.

Don haka, Uwani, kada ki je da jawabi. Ki je da tambaya. Mutanen nan sun riga ki sanin zuma ta ragu, sun kuma riga turawan da suka aiko ki. Ki tambayi tsoho yaushe rabonsa da ya ga zuma ta tashi ta rufe reshe, a wace bishiya ce, ina bishiyar take yanzu. Zai gaya miki an sare ta an kai Maraɗi an sayar wa masu burodi, ke kuma ba sai kin ce masa sarar itace laifi ne ba, shi ya faɗa da bakinsa. In taro ya watse kowa yana cewa ya ji, ki san ba ki yi komai ba. In ya watse ana gardama, wani na cewa fesa magani ne, wani na cewa masu ƙona amya da wuta ne, to ranar kin yi aiki.

Na leƙa afish ɗin da kika bari a kan tebur, takardar liƙawar nan, ki yi haƙuri. Ƙudan zumanki ya yi kyau, har murmushi yake yi, abin da ni duk tsufana ban taɓa ganin ƙudan zuma ya yi ba. Sai dai layi shida na Faransanci da ke ƙasansa, wa kika rubuta wa? Ni ma na taɓa raba irin waɗannan takardu a kan maganin iri, masu kyau, masu sheƙi. Bayan mako biyu na sayi ƙosai a bakin kasuwar Tsibiri, aka naɗe mini shi da hoton da na zaɓa da hannuna. Mai ƙosan har yaba mini takardar ta yi, ta ce ba ta shan mai, in akwai saura in kawo. Kafin ki kai zanenki wurin masu bugawa, ki kai shi bakin rijiya, ki nuna wa tsofaffin mata ba tare da kin yi bayani ba, ki tambaye su me suka gani. Abin da suka ce sun gani shi ne abin da kika zana, ba abin da ke ranki ba. Kuma ki zana abin da mutum ke asara: furen kabewa da ya kaɗe bai ɗaura ɗa ba, amya rataye ba kowa a ciki. Manomi ba ya tausayin ƙwaron da ke harbinsa, amma yana tausayin kabewarsa.

Ki kuma kula da launi. Wannan kuskuren ban daɗe da yin sa ba, gab da in ajiye aiki, bayan an buɗe ƙofa jam'iyyu sun fito barkatai. Na kira taro a wani ƙauye bayan Tsibiri, na zaɓi ƙofar gidan wani ɗan kasuwa don tana da faɗi da inuwa, na kuma sa sabuwar hula da innarki ta saya mini. Ashe gidan na shugaban wata jam'iyya ne, hular kuma ta yi daidai da launin tutarsu. Rabin gari suka ƙi zuwa, rabin da suka zo suka yi ta jiran in gama zancen ƙwari in shiga zancen zaɓe. Har yau akwai mutanen da ke gaishe ni da sunan jam'iyyar da ban taɓa shiga ba. Yanzu kowane launi yana da mai shi, kowace inuwa tana da wanda ake cewa tasa ce. Ki tambayi mai gari da liman inda kowa ke iya zama ba a ce ya koma wani ɓangare ba. In wani babban mutum ya ce zai ba ki lasifika da kujeru kyauta, ki yi godiya da ladabi, ki ce furoje ya hana. Ƙudan zuma ba su da katin jam'iyya, ke ma a wurin aiki kada ki kasance da shi.

Wani abin da na yi shekaru ban gane ba, ke kuwa Allah ya ba ki shi a sauƙaƙe: ban taɓa shiga cikin gida ba. Duk tarona a waje nake yi da maza, alhali matan Jiratawa su ke tsinkar zogala, su ke sayen zuma don mai jego da mai tari, su suka fara lura da cewa abin da ake kawo musu a kwalba yanzu sukari ne aka dafa. Ke za ki shiga inda ni ba na shiga. Ki je suna, ki je biki, ki zauna ki taya tsinkar ganye. Tun da sarwis ɗin gona, ma'aikatarmu, ya yi rauni, kowa ke sayen maganinsa a kasuwa, cikin kwalaben da ake shigowa da su ta iyaka babu ko takarda, ya fesa lokacin da ya ga dama. Mijin da ba zai ji daga gare ki ba zai ji daga wadda ke ba shi tuwo. Shi ma liman ki je masa da girmamawa. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan ƙudan zuma, kuma ya fi ki sanin yadda zai faɗe ta ranar Juma'a. Kada ki koya masa, ki roƙe shi.

Abin da za ki nema daga mutane kuma ya zama kaɗan, wanda za a iya yi gobe. Kada a fesa magani a kan fure da hantsi, a bari sai yamma lis, ƙudan zuma sun koma gida. A bar gawo, don shi ke fure lokacin da sauran itace suka bushe. A ajiye musu ruwa a kasko da ƴan tsakuwa lokacin bazara. Mai cin zuma ya kore su da hayaƙi maimakon wuta, ya bar musu saƙar da za su zauna. Na farkon nan, wato maganar hantsi, ba a lakkwal na koye ta ba. Nomau ne ya gaya mini, na ƙi ji.

Ga yadda aka yi. Lokacin da aka fara tura ni Jiratawa, ina saurayi, ba ni da masauki, Nomau ne ya ba ni shago a zaurensa. Shekara guda ina cin tuwon gidansa. Manomi ne kamar kowa, amma amyarsa ta fi ta kowa yawa, irin wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu, a yi mata turare, a rataye a reshe. Duk gawon da ke gefen gonakin auduga na kwaferatif, ƙungiyar manoma, yana ɗauke da tasa. In ya ci zuma, ƙoƙo na farko nawa ne. Baba nake ce masa, shi kuma duk da haka mushe yake ce mini, don girmama aikin.

Bayan wasu shekaru, na yi aure na koma Maraɗi ina zuwa da moto, aka kawo sabon maganin feshin auduga. Aka ce shugabanmu zai zo da baƙi ƙarfe goma na safe su ga yadda ake fesawa. Na tara manoma, na jera masu famfo, auduga kuwa ta yi fure fari sol, ƙudan zuma sun cika ta har kana jin ƙuginsu daga hanya. Nomau ya zo ya ja ni gefe, ya rage murya don kada ya kunyata ni.

“Mushe, ka bari sai rana ta hwaɗi. Yanzu duk suna cikin hure.”

Na ce masa baƙi ba za su jira rana ta faɗi ba. Ban ma tsaya na ji amsarsa ba, don na hango ƙurar mota. Aka fesa, baƙi suka ɗauki hoto, shugaba ya dafa kafaɗata, na ji kamar an ba ni gari.

Washegari da hantsi muna zaune a ƙofar kwaferatif da mutane da yawa, sai ga Nomau da ƙwarya a rufe da faifai. Ya ajiye ta a gabana ya buɗe. Cike take da matattun ƙudan zuma, waɗanda ya share daga gindin gawo. Ya ce, “Mushe, ga aikin jiya.” Bai ɗaga murya ba. Da na ce masa na yi kuskure, da maganar ta ƙare a wurin. Amma idon mutane yana kaina, sakataren kwaferatif yana gefena, sai girman kai ya shige ni. Na juya wajen sakatare, na yi magana da Faransanci, na ce ciwo ne na ƙudan zuma, babu ruwan magani, tsohon bai san ilimin abin ba. Sakatare ya fassara wa jama'a, wasu suka yi dariya. Nomau ya jira dariyar ta lafa, sannan ya dube ni.

“Da Hausa ka ci tuwon gidana, mushe.”

Ya sa takalminsa ya tafi, ya bar ƙwaryar a wurin. Na san ƙarya na yi tun kafin in rufe baki. Cikin watan ya sauke abin da ya rage na amyarsa ya kai can kudu cikin daji. Da rani ya zo, kabewa da kankana na lambunan wurin suka yi ta zubar da fure, manoma suna zagin iri, ni kuma ina gyaɗa kai ina taya su. Wannan abu ya fi komai ci mini rai a duk aikin da na yi. Tun daga ranar ban sake taka zaurensa ba. In mun haɗu a jana'iza sai mu yi musabaha kamar baƙi, kowa ya kama gabansa.

Nasihar da ke cikin wannan, Uwani, ba sai na tsawaita ba. Za ki yi kuskure, wannan ba shakka. Ranar da kika yi, ki faɗa da wuri, a gaban wanda kika yi wa, da harshen da yake ji. Kuma duk ranar da baƙin furoje za su zo ganin aiki, ki tambayi kanki ko don su ake yin abin da za a yi ranar, ko don masu gonar. Baƙi za su shiga mota su tafi kafin azahar.

Ban so ki ɗauki kayan da ba ke kika ɗaura ba. Shi ya sa ranar Asabar da ta wuce, da na ce muku zan je gaisuwar rasuwa, ƙarya na ƙara yi, Allah ya yafe mini, Jiratawa na tafi. Sau biyu ina wuce ƙofar gidan ina yi kamar wani wuri na nufa, na ukun na yi sallama. Na same shi a rumfa bayan la'asar yana saƙa amya. Ya tsufa sosai, ido ya yi rauni, amma hannun yana nan yadda na san shi. Ya gane muryata. Muka yi ta gaisuwa, na tambayi gida, na tambayi gona, na tambayi awaki, har na rasa abin tambaya. Sai na ce masa, “Baba, ni na kashe maka zuma. Ka hana ni na ƙi, kuma na yi maka ƙarya gaban mutane.”

Ya ci gaba da saƙarsa har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce shi ya daɗe da yafewa tsakaninsa da Allah, don ba ya son ya tafi kabari da kayan wani. Na gaya masa zancenki da aikin da aka ba ki. Ya tambaya ko halina kika ɗauko, na ce kin fi ni taurin kai amma kin fi ni saurare, ya yi dariya har da tari. Ya ce abin yana damunsa fiye da yadda yake damun furoje, don matasa sun daina koyon saƙar amya, suna cewa wahalar banza ce tunda ba abin da ke shiga. Na ji sanyi a raina, na ɗauka magana ta ƙare, har na fara neman takalmina. Sai ya ajiye ciyawar da ke hannunsa.

“Yahe maka daban, taro daban. Gaban mutane ka ƙaryata ni, har yau akwai masu cewa ciwo ne. Ranar taron ɗiyarka ka taho ƙohwar kwaferatif, ka tsaya ka hwaɗi abin da ka hwaɗa mini yanzu. Da Hausa. In ka yi, ni da amyata muna nan, kuma duk mai amya a ƙasar nan zai taho.”

Na ce na yarda. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Akwai waɗanda suka yi dariya ranar nan da ke raye, akwai ƴaƴan waɗanda kabewarsu ta lalace. Amma tun da na fito daga gidan nake jin jikina sakayau, har innarki ta ce ko magani na sha. Kuma na yi tunani, duk afish ɗin da za ki buga, babu wanda zai kai tsohon malamin gona ya tsaya da furfurarsa ya ce shi ya fesa da hantsi, ga abin da ya biyo baya, kada kowa ya yi.

Saboda haka ga roƙona, ni da na saba ba da umarni. Ki je ki gaishe shi tun kafin ki je ko'ina, ki durƙusa, ki faɗi sunan ubanki ba tare da kin sunkuyar da kai ba, yana jiran ki. Ki bar shi ya zaɓi ranar taron. Ranar kuwa, bayan liman ya yi addu'a, mai gari ya yi maraba, ki kira ni farko. Kada ki ce mushe, ki ce Abdu. Na san ki da tausayi, za ki so ki cire ni don kada a ga ubanki cikin kunya. In kika cire ni, Nomau zai naɗe tabarmarsa, kuma yana da gaskiya. Ki bar ni in yi maganata, in muryata ta yi rawa kada ki taimake ni. Ki dai tsaya inda zan gan ki.

Allah ya yi miki albarka, ya sa aikin nan ya karɓe ki, ya sa ki ga ranar da gawon Jiratawa zai sake ɗaukar amya har reshe ya sunkuya. Allah ya tsare ki daga harbi, na ƙudan zuma da na mutane, ya kiyaye mutuncinki a bakin duniya, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci. In an sa ranar, ki aiko mini da wuri, innarki ta wanke mini farar riga.

Ni ne mahaifinki,
Abdu